Kafin Ka Ba Jami'a Amanar Ɗanka, Ka Ɗanɗani Abincinta

Kowace shekara, idan hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawarta, jami'o'i kuma suka shiga kiran yara domin tantancewa da rajista, akan ga wani irin ayari a ƙofar Samaru ta Zariya, da titin Gwarzo na Kano, da hanyar Dundaye ta Sakkwato, wanda ba a saba ganinsa a sauran watanni ba: dattawa da manyan riguna, iyaye mata da mayafai, kowane yana tafe da yaro ɗan shekara 16 ko 17, yaron na rungume da takardunsa cikin leda, yana ɗaga kai yana duban gine-ginen da aka ce masa a cikinsu zai shekara huɗu ko biyar nesa da gida. A Amurka an daɗe da mayar da wannan ziyara al'ada, har jami'o'insu na ware ɗalibai masu zagayawa da baƙi. A wurinmu kuwa larura ce ta haife ta, domin yaran da ke shiga jami'a a yau sun fi na da ƙuruciya, hanyoyi kuma ba su da amincin da za a ce wa yaro ya hau mota shi kaɗai. Amma ko al'ada ce ko larura, akwai sa'a guda da take riskar kowa, watau bayan azahar, lokacin da rana ta take, ƙafafu suka gaji, yaro ya koma amsa tambaya da kai maimakon baki, sai uba ya dubi agogo ya ce, "To, ina za mu ci abinci?"

Mafi yawan iyaye, gwargwadon abin da na gani, ɗayan hanya biyu suke bi. Wani ya koma inuwar da ya ajiye mota, a buɗe kular da uwargida ta cika tun da asuba, a shimfiɗa darduma a ci. Wani kuma, musamman wanda Allah ya buɗa wa, ya ce a shiga mota a fita cikin gari, a nemi gidan abinci mai sanyin na'ura da kujeru masu laushi, domin a faranta wa yaro rai a ranar da yake ganin babbar rana ce gare shi. Dukansu ƙauna ce ta sa su, ba ni kuwa da abin da zan zargi ƙauna da shi. Illa iyaka ina ganin duka biyun sun bar fa'idar da ta fi kowace girma a cikin tafiyar, domin uban da ya taso daga Gusau ko Azare ko Kwantagora, ya ga ɗakin karatu, ya ga masallaci, ya ga ginin majalisar jami'a, sa'an nan ya koma gida bai san abin da ɗansa zai riƙa sawa a bakinsa kullum ba, nawa ne kuɗinsa, wa ke dafa shi, da wane ruwa ake wanke kwanonsa, haƙiƙa rabin abin da ya zo gani kaɗai ya gani. Abin da nake kira gare shi shi ne a ci abincin rana a inda ɗalibai ke ci, a lokacin da suke ci, a kan kuɗin da suke biya.

Ba baƙon abu na zo da shi ba. Magabatanmu, Allah ya jiƙansu, ba su taɓa raba mas'alar neman ilimi da mas'alar ciyarwa ba, domin sun san da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mutumin da ya ɗauki ɗansa ya kai shi zauren wani malami a Madabo ta Kano, ko Unguwar Juma ta birnin Zazzau, ba ya yin sallama ya juya sai ya san gidan da yaron zai riƙa kai ƙwarya, da matar da za ta zama uwar ɗakinsa, ta ajiye masa tuwon dare, ta kuma aika a nemo shi idan ya kwana biyu bai leƙo ba. A Masar ma, inda Azhar ta haura shekara dubu tana karantarwa, an raba ɗalibai baƙi zuwa riwaƙai, watau masaukai, bisa ga ƙasashen da suka fito, har da riwaƙin mutanen Barno, ana kuma raba musu gurasa daga dukiyar waƙafin da sarakuna da attajirai suka tsayar. Tun a ƙarni na 13 ma mutanen Kanem suka gina makaranta a Alƙahira domin masaukin ɗalibansu da alhazansu. Waɗannan bayin Allah sun fahimci cewa hadda ba ta zama a zuciyar mai jin yunwa, kuma duk mai son a yi karatu, wajibinsa na farko ya tanadi abin da mai karatun zai ci.

Jami'o'inmu na zamani su ma a kan wannan fahimta aka kafa su. Tun daga buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a watan Oktoba na 1962, har zuwa jami'o'in da suka biyo baya a shekarun 1970 irin su Sakkwato da Maiduguri da Bayero, gwamnati ce ke ɗaukar kaso mai tsoka na kuɗin ciyar da ɗalibi, shi kuwa ya sayi tikiti ya shiga ɗakin cin abinci sau uku a yini. Dattawan da suka riski wannan zamani har yau suna ba da labarin shayi da burodi da ƙwai na safe, da kazar ranar Lahadi. Wanda kuma yake zaton zancen abinci ƙaramin zance ne a jami'a, to, ya tuna cewa Kunle Adepeju, ɗalibin da 'yan sanda suka harbe a Jami'ar Ibadan ranar 1 ga Fabrairu 1971, rigimar da ta ci ransa daga ɗakin cin abinci ta taso. Ya kuma tuna watan Afrilu na 1978, lokacin da Kanar Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilimi ta tarayya, aka yi ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, ɗalibai suka tashi a duk faɗin ƙasa, rayuka suka salwanta a Legas da Samaru, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwa baki ɗaya, aka rufe manyan ɗakunan ko aka ba 'yan kasuwa haya, nauyin ya koma kan aljihun uba da murhun matan da ke dafawa a rumfuna. Maƙwabtanmu na Nijar ba su bar wancan tsari ba, domin a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, a ƙetaren kogin Isa, watau kogin Neja, har yanzu akwai hukumar jin daɗin ɗalibai mai gudanar da gidan abinci, ɗalibi ya sayi tikiti da rahusa ya ci. Mu dai a nan, tun da babu hukumar da ke tsaye a kan tukunyar, duba ta ya zama farillar uba.

Lissafin kuwa ba mai sauƙi ba ne a yau. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, babu kwanon hatsin da ya zauna a farashinsa na da. Asusun ba ɗalibai lamuni na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024, naira 20,000 yake ba ɗalibi a wata domin guzuri, abin da in aka raba shi ga kwana 30 bai kai naira 700 a yini ba, alhali a ciki ne za a sayi sabulu, a buga takardu, a hau mota. Shi ya sa ɗalibai ke da wani lissafi nasu da suke faɗa wa juna: mai 1-0-1 ya karya kumallo ya tsallake rana ya ci dare, mai 0-1-0 kuwa sau ɗaya rak yake ci, sauran lokaci ya jiƙa garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli. Yaro mai kunya ba zai faɗa wa ubansa wannan a waya ba. Zai ce lafiya lau, sai an zo hutu a ga wuyan riga ya yi masa yawa, ko likita ya ce gyambon ciki ne. Uban da ya taɓa zama a rumfar ya biya da hannunsa, ba ya yanka wa ɗansa kuɗin wata da ka.

To, yaya za a gane wurin? Da farko sai mutum ya tabbatar da harabar da yaronsa zai zauna, domin jami'a ɗaya tana iya zama garuruwa uku. Mai neman karatun shari'a ko na mulki a Zariya, a Kongo zai yi zamansa, ba Samaru ba, ɗalibin likitanci kuwa ƙarshensa asibitin koyarwa na Shika; a Kano akwai tsohuwar haraba kusa da Kabuga, akwai sabuwa a titin Gwarzo, akwai kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a can titin Zariya; a Sakkwato mazaunin dindindin yana wajen gari, ta yadda wanda bai sami abinci a ciki ba sai ya biya kuɗin mota kafin ya biya na tuwo. Sa'an nan a zaɓi ranar da makaranta ke ci, domin a lokacin hutu ko yajin aiki, irin na malamai da ya shafe wata takwas a 2022, rumfunan a rufe suke, abin da baƙo zai gani kango ne kawai.

Idan an isa, kada a tambayi mai gadin ƙofa ko ma'aikacin ofis, domin ganin furfura da babbar riga zai sa su nuna kulob ɗin malamai ko masaukin baƙi, saboda girmamawa. A tare ɗalibin da aka ga alamar ya kwana biyu a wurin, mai tsohuwar jaka da takalmin da ya sha ƙura, kuma kada a tambaye shi inda abinci ya fi kyau. A ce masa, "Samari, don Allah ku a ina kuke ci in wata ya yi nisa?" Zai yi murmushi ya ce, "Baba, ku bi ta bayan ɗakunan kwanan can, za ku ga rumfuna a jere. Wadda kuka ga layi a gabanta, ita ce." Tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu, lokacin da aka fito daga lacca aka sallame azahar, bin sawun taron ma kaɗai ya isa jagora. Layin kuwa hujja ce mai ƙarfi, domin mutanen da ke ƙirga kowace naira ba sa yin cincirindo a inda ake tauye mudu, kuma tukunyar da ke ƙarewa da wuri ba ta samun damar kwana ta yi tsami.

A nan ne nake so uba ya zauna ya natsu, kada ya yi cin matafiyi. Ya dubi ruwan da ake wanke kwanuka, shin ana sauya shi ko tun na safe ne. Ya dubi abincin, a rufe yake ko ƙudaje na shawagi a kansa, da zafinsa ake zubawa ko ya huce. Ya dubi man da ake soya awara da ƙosai, ya yi baƙi ko da saura. Ya tambayi daga ina ruwan sha ke zuwa, domin taifot da amai da gudawa ta wannan ƙofa suke shigowa ɗakunan ɗalibai. Ya lura da abin da yara suka fi saya, shin garau-garau ne da mai da yaji, ko ɗanwake, ko taliya, ko gurasa bandashe irin ta Kano, ko fate irin na Zazzagawa, kuma mutum nawa ne a cikin goma ke iya cewa a sa masa nama. Sa'an nan ya gaisa da mai abincin, domin a ganina babu ma'aikacin jami'ar da ya san halin da ɗalibai ke ciki kamar wannan mata. Ita ta san watan da kuɗi ke yankewa, ta san wanda ya daina zuwa, tana da littafin bashin da ba ta nuna wa kowa. Ka ce mata, "Sannu da aiki, Hajiya, nawa ne faranti?" Bayan ta faɗa, in ta ga yaron a gefenka, sau da yawa za ta ƙara da cewa, "Alhaji, ɗanka ne zai shigo? Allah ya ba shi sa'a. Ka dai riƙa aiko masa da wuri." Wannan nasiha ta fi abin da ke cikin kowace takardar talla ta jami'a amfani. A tambaye ta har wa yau ko tana dafa sahur da azumi, domin shekarun nan Ramadan yakan faɗo a tsakiyar zangon karatu, kuma buɗa-bakin da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ke rabawa a masallaci ba ya ɗauke wa yaro bukatar abin da zai ci kafin alfijir.

Shi kansa yaron fa? Na san halin 'yan wannan zamani: ransu na wurin shawarma da soyayyar kaza da lemon kwalba, kuma in aka kai su rumfar garau-garau fuska za ta ɗan canza. Ba laifi ba ne, ƙuruciya ce. Amma ina ba da shawara a miƙa masa kuɗin a hannunsa, a ce shi zai yi oda, shi zai biya, shi zai karɓo canji, uba kuwa ya zuba ido. A cikin wannan ɗan lokaci zai ga abin da shekaru goma sha bakwai na zaman gida ba su nuna masa ba: ko ɗansa ya iya sallama ga wadda ta haife shi a shekaru, ko ya iya bin layi, ko yana da ƙana'a ko mai israfi ne, ko yana jin nauyin tambayar farashi. A kan bencin nan kuma zai zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan Inugu mai cin teba da miyar agushi, da ɗan Ogbomosho mai cin amala, da ɗan Gboko mai cin sakwara, watakila karo na farko a rayuwarsa. A nan uba zai sami damar yi masa bayani a hankali, ba da tsawa ba, yadda ake tambayar asalin nama ba tare da an wulaƙanta mai sayarwa ba, da yadda mutum ke kiyaye halal ya nisanci shubuha alhali yana kyautata mu'amala da wanda ba addininsu ɗaya ba. Na kuma lura cewa yaron da ya yini bai ce uffan ba a gaban manyan gine-gine, da zarar ya ci ya ƙoshi ya sha zoɓo mai sanyi, bakinsa yakan buɗe, har ya faɗi abin da ke ransa: cewa wurin ya yi masa girma, ko cewa ba likitanci yake so ba, aikin gona yake so. Maganar da ta fi kowace muhimmanci a tafiyar, galibi a bakin kwano take fitowa.

Game da 'ya mace lamarin ya fi nauyi, kuma ya kamata uwa ko gwaggo ta kasance cikin tafiyar. A auna da ƙafa nisan da ke tsakanin ɗakin kwanan mata da wurin sayar da abinci, a tambaya ko akwai fitila a hanyar bayan magariba, a ji ƙa'idar makaranta game da girki a ɗaki, ko an yarda da risho ko ƙaramin gas, domin yarinyar da aka haɗa wa shinkafa da wake da manja da yaji daga gida ta fi wadda ke jiran kuɗi kwanciyar hankali. Ba na son tsawaita wannan, masu hankali sun gane: yunwa ƙofa ce da miyagun mutane suka san hanyarta, kuma uban da ya toshe ta ya kare mutuncin 'yarsa fiye da wanda ya cika ta da wa'azi ya sallame ta hannu wofi.

Akwai masu cewa bai dace da girman dattijo ba ya zauna a benci cikin yara yana cin abincin rumfa. Ni kuwa ban ga inda muruwa ta zube ba ga mutumin da ya zauna domin ya binciki amanar da zai bayar. Hasali ma ɗalibai sukan matsa su ba shi wuri, su rage murya, wani ma ya kawo masa ruwan wanke hannu. Wasu kuma sukan ce suna tsoron cikinsu, kada abincin ya ɓata musu tafiya. Wannan tsoro shi ne babbar hujjata a kansu, domin wurin da kake jin tsoron ci sau ɗaya, a nan ne kake shirin barin ɗanka ya ci shekara huɗu. In ya cancanci tsoro, gara ka sani yau ka nemo masa wata dabara, in kuwa bai cancanta ba, ka koma gida da natsuwa. Kular uwargida ba za ta yi asara ba, a bar ta domin hanyar komawa.

Su ma jami'o'in akwai haƙƙi a wuyansu. Ba na kiran a dawo da kazar Lahadi, na san yawan ɗalibai ya ninka na 1978 sau da yawa, baitulmali kuma ba zai ɗauka ba. Amma babu abin da zai hana sashen lafiya na kowace jami'a ya riƙa duba rumfunan nan a kai a kai, a ja musu ruwan famfo, a gina musu wurin wanke-wanke, a sassauta musu haya bisa sharaɗin su sassauta farashi, a kuma liƙa farashin a bango inda kowane baƙo zai gani ranar tantancewa. Attajiranmu kuwa, waɗanda Allah ya hore wa suna gina wa jami'o'i ɗakunan taro ana rubuta sunayensu a goshin gini, ina roƙonsu su waiwayi sunnar waƙafin ciyarwa da ta rayar da Azhar. Mutum guda zai iya tsayar da hayar 'yan shaguna a kasuwa, a damƙa ta ga amintattun kwamitin masallacin jami'a da ofishin kula da harkokin ɗalibai, a riƙa ba marayu da 'ya'yan marasa hali, Musulminsu da Kiristansu, tikitin faranti ɗaya na rana a wurin matan nan da ke dafawa, a kuma biya matan a ƙarshen kowane mako ba tare da jinkiri ba.